Ciwon Ƙirjin da Ke Zuwa Ana Kwance

A watan Yunin 2016, masu sha'awar ƙwallon ƙafa a Nijeriya ba su gama jimamin rasuwar Stephen Keshi ba sai ga wani labarin daga birnin Benin: Shu'aibu Amodu, wanda ya sha horar da Super Eagles, shi ma rai ya yi halinsa yana da shekara 58. Bayanin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta fitar gajere ne. Ya yi kukan ciwon ƙirji da dare, ya kwanta, bai farka ba.

Irin wannan bayani ba baƙo ba ne a zaman makoki, daga Kano zuwa Maraɗi. "Jiya ma tare muka yi isha'i, ƙirji kawai ya ce yana ɗan damunsa." Idan aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar ciwon ba ranar ya fara ba. Ya kwana biyu yana zuwa yana tafiya, yana tashin mutumin daga barci, yana kama shi yana zaune a ƙofar gida, kuma duk lokacin da ya lafa sai kowa ya yi hamdala a ci gaba da harkoki. Matsayin wannan shafi a kan lamarin ɗaya ne: duk wanda likita ya taɓa shaida wa yana da ciwon zuciya, ko wanda ya daɗe yana fama da hawan jini da ciwon suga, idan ƙirjinsa ya fara ciwo alhali ba aikin komai yake yi ba, kuma ciwon ya maimaita, to a ɗauka zuciya ce har sai awon asibiti ya wanke ta. Dalilan irin wannan ciwo suna da yawa, wasu masu sauƙi, wasu masu kisa cikin dare ɗaya, kuma babu mai iya bambance su da ido.

Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana. Duk da jinin jiki gaba ɗaya ta cikinta yake ratsawa, ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyin da ke kwance a bayan tsokarta, waɗanda kaurin manyansu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Ko mutum barci yake yi, tsokar zuciya na zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da jini ya kawo mata, alhali yawancin sassan jiki kusan kashi 25 suke ɗauka. Wato ba ta da ajiya. Idan aikinta ya ƙaru, dole jinin da ke zuwa mata ya ƙaru nan take, in ba haka ba ta yi ƙara, kuma ƙararta ita ce wannan nauyi ko matsewa da ake ji a tsakiyar ƙirji, wani lokaci har wuya, muƙamuƙi, kafaɗa ko hannun hagu.

Likitan Ingila William Heberden ne ya fara siffanta ciwon dalla-dalla a gaban takwarorinsa a Landan cikin 1768. Ya lura yana kama mutane suna tafiya, musamman a hawan tudu ko bayan cin abinci, kuma da sun tsaya cik sai ya sake su. Ya kuma lura da wani abin da ya fi wannan muhimmanci: idan ciwon ya daɗe, yakan daina jiran tafiya, ya riƙa zuwa har mutum yana kwance. Na farkon, mai zuwa da wahala ya tafi da hutu, alama ce ta jijiyar da ta ƙuntata amma tana nan yadda take. Mai shi ya san iyakarsa, ya san a wane bene zai tsaya ya huta. Na biyun yana nufin wani abu ya sauya. Hutu ne maganin na farko, to idan ciwo ya zo cikin hutun, ina kuma za a gudu?

Dalilin da ya fi kowanne haɗari shi ne fashewar kitsen da ya taru a bangon jijiya. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa a ƙarƙashin fatar cikin jijiyar, hawan jini da suga da hayaƙin taba suna ƙara masa ƙaimi, har ya zama kamar maruru: ciki ruɓaɓɓe, sama 'yar fata siririya. Ranar da fatar ta tsage, jini yakan ɗauki wurin a matsayin rauni, ya fara daskarewa a kai domin ya toshe shi. Gudan jinin ya girma, hanya ta ƙuntata, ƙirji ya ɗauki ciwo. Jiki kuma yana da nasa sinadaran narkar da gudaji, sai su ci ƙarfinsa, hanya ta buɗe, ciwo ya lafa bayan minti goma ko ashirin. Gobe ko jibi a sake. Wannan kokawar ce ke sa ciwon zuwa da tafiya, kuma lafawarsa ba ta nufin an rabu da shi. Ranar da gudan jinin ya yi nasara ya toshe jijiyar ruf, tsokar da ke gabansa takan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma bayan 'yan sa'o'i abin da ya mutu ya mutu ke nan, ba ya tsirowa. Abin da ke ruɗa iyali shi ne kitsen da ke fashewa sau da yawa ba shi ne wanda ya fi ƙuntata hanya ba. Shi ya sa mutumin da ya hau bene jiya ba tare da haki ba zai iya faɗuwa yau yana shan shayi.

An daɗe ana cewa wannan cuta ta Turawa ce, baƙar fata ba ya yin ta. Maganar ta tsufa. Wani nazari da likitocin zuciya na Nijeriya suka yi tsakanin 2013 da 2018, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya tattara bayanan mutum fiye da dubu ɗaya da aka kwantar saboda toshewar jijiyoyin zuciya. Matsakaicin shekarunsu bai kai 60 ba. Kusan huɗu cikin biyar masu hawan jini ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun zo ne da irin wannan ciwo mai zuwa da tafiya, kafin tsoka ta kai ga mutuwa. Ƙalilan ne motar ɗaukar marasa lafiya ta kawo. Waɗannan kuwa su ne suka samu isa manyan asibitoci har aka rubuta sunansu.

Sauran fa? Da yawansu a kemis suke tsayawa. Bayan magariba dattijo ya zo gaban kanta, ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji. "Yaro, nan ne ke riƙe ni, har wuya nake jin abin." Yaron kemis ya ce, "Baba, kana gyatsa?" Ya ce yana yi. "Ai olsa ce, Baba. A rage yaji da tsami, kada a zauna da yunwa." Ya miƙa masa kwalbar farin magani da katin omefirazol, Baba ya biya ya tafi yana sa masa albarka. Ba a tambaye shi ko yana shan maganin hawan jini ba, ba a tambayi ko gumi na karyo masa ba. Wannan dunƙulallen hannu a kan ƙirji kuwa likitocin zuciya sun daɗe da saninsa. Shi kaɗai ba hujja ba ne, amma ya isa ya sa mai hankali ya dakata.

Ruɗanin yana da tushe a halittar jiki. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga zuciya da waɗanda ke kaiwa daga maƙogwaron abinci wuri ɗaya suke shiga a laka, don haka ƙwaƙwalwa ba ta iya tantance daga ina ƙarar ta fito. Idan ɓangaren ƙasan zuciya ne jini ya yanke wa, ciwon yakan sauka a saman ciki, da tashin zuciya da gyatsa da amai, sak ƙwannafi. Idan aka sha farin magani ciwon ya lafa, sai a ce ga shaida, alhali dama ciwo ne mai lafawa da kansa. Kuskuren bai bar manya ba. A daren 24 ga Satumbar 1955, shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya farka da ciwon ƙirji a birnin Denba, bayan ya wuni yana ɗora laifin rashin jin daɗin jikinsa a kan nama da albasar da ya ci da rana. Matarsa ta ba shi farin maganin ciki, aka shaida wa 'yan jarida ɓacin ciki ne, kuma sai da aka shafe kusan rabin yini kafin a sa masa na'urar awon bugun zuciya, wadda ta nuna tsokar zuciyarsa ce ke mutuwa. Idan shugaban ƙasa mai likita a gefensa zai faɗa wannan rami, ba abin mamaki ba ne talaka ya faɗa. Abin da ba za a lamunta ba shi ne shekara saba'in bayan haka a ce har yanzu mai sayar da magani ne ke yanke hukunci a kan ƙirjin mai hawan jini.

Ba wai olsa ƙarya ce ba. Tana nan, tana da yawa, kuma mai ciwon zuciya yana kusa da ita ƙwarai, domin asfirin ɗin da yake sha kullum yana cin bangon ciki. A nan ma abin yakan zagayo ya dawo kan zuciyar: gyambon ya riƙa zubar da jini a ɓoye, bayan gida ya yi baƙi, jinin jiki ya ragu, oksijin ɗin da ke isa zuciya ya yi ƙasa, sai ga ciwon ƙirji ana zaune. Mutum ɗaya zai iya ɗauke da cutar biyu a lokaci guda, kuma samun ɗaya ba ya kore ɗayar.

Akwai kuma waɗanda aka riga aka yi wa aiki. Masu hali daga arewa kan tafi Masar, Indiya ko Dubai, ko Abuja da Legas, a buɗe musu jijiya a saka 'yar ragar ƙarfe da za ta riƙe ta, ko a yi musu babbar tiyata a ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a kewaye wurin da ya toshe. Su dawo ana barka da arziki, kowa na cewa an yi aiki an gama. Aikin kuwa wuri ɗaya ko biyu ya gyara, cutar tana nan a sauran jijiyoyin. Tsohon shugaban Amurka Bill Clinton an yi masa tiyatar kewaye jijiyoyi huɗu a Satumbar 2004. A Fabrairun 2010 ya yi kwanaki yana jin nauyi a ƙirji, da aka duba a wani asibitin Niyok sai aka tarar ɗaya daga cikin sababbin hanyoyin ta toshe, aka saka masa raga biyu ya koma gida. Jijiyoyin ƙafa da ake dasawa, kusan rabinsu kan toshe ko su lalace cikin shekara goma. Ragar ƙarfen ma nama kan tsiro a cikinta ya sake ƙuntata hanya, ko da yake na zamani masu ɗauke da magani sun rage wannan ƙwarai.

Babban abin da ke toshe raga farat ɗaya shi ne barin magani. Bayan an saka ta, likita kan haɗa wa mutum asfirin da wani maganin hana daskarewar jini, galibi kulofidogirel, na wata shida zuwa shekara guda, kafin fatar jijiya ta rufe ƙarfen. Wanda ya ajiye su a wata na biyu saboda ya ji sauƙi, ko saboda za a cire masa haƙori, ko saboda wani ya kawo masa sassaƙe, ya bar ƙarfe tsirara a cikin jini. Haka magungunan rage gudun zuciya irin su atenolol: yanke su kwatsam kan sa zuciya ta zabura fiye da da. Sai dai adalci ne a faɗi cewa da yawa ba ganganci ke sa su bari ba. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, kuma farashin magani ya yi tashin gwauron zabo tun faɗuwar naira a 2023, ɗan fansho yakan raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Likitan da ya rubuta magani shida bai tambayi wanda majinyaci zai iya saye ba, bai kuma nuna masa waɗanda ba a wasa da su ko da za a bar sauran ba, shi ma yana da kaso a abin da zai biyo baya. Watan azumi na da nasa ƙalubalen: a sauya lokutan shan magani ba shawara, a wuni ba ruwa, a zo a cika ciki dam a buɗe-baki, jini ya karkata zuwa hanji. Mai ciwon da ya daidaita yakan iya azumi idan likita ya tsara masa, amma wanda ƙirjinsa ke ciwo yana zaune marar lafiya ne, kuma addini ya riga ya yi masa rangwame.

Wani dalilin daban yake, kuma shi ya fi wahalar da majinyata wajen a yarda da su. A 1959 wani likita a Los Anjalas, Myron Prinzmetal, ya wallafa bayanin mutum 32 da ciwonsu ya saɓa wa na Heberden. Suna iya aikin ƙarfi da rana lafiya lau, amma tsakanin tsakar dare da asuba ciwo ya tashe su, sau da yawa a kusan lokaci guda kowane dare. Daga baya aka tabbatar jijiyar ce ke murɗewa ta shaƙe kanta na 'yan mintuna, sannan ta saki. Tana iya faruwa a jijiya mai kitse, tana iya faruwa a wadda take fes. Shan taba ne kan gaba wajen jawo ta, sai hodar ibilis, da ɓacin rai, da sanyi. Sanyin ba camfi ba ne: likitoci sun yi amfani da tsoma hannu a ruwan ƙanƙara domin tsokano murɗewar a lokacin gwaji. Mai irin wannan ciwo da ke fita alwalar asuba a tsakiyar hunturu ya haɗa lokacin da sanyin wuri ɗaya, kuma butar ruwan ɗumi ba ƙaramin taimako za ta yi masa ba. Matsalarsa ita ce da hantsi, lokacin da ya isa asibiti, awo ba ya nuna komai, sai a ce masa lafiyarsa ƙalau. Maganinsa ma daban ne: masu sassauta jijiya irin su amlodifin da diltiyazem ne ke yi masa aiki, alhali furofuranolol, da ke taimakon wasu masu ciwon zuciya, yana iya ƙara masa tsanani.

Mata sun fi kowa shan wannan rashin yarda. Hoton jijiyoyin zuciya da ake ɗauka ta hanyar zura siririn bututu manyan jijiyoyi kawai yake nunawa. Ƙananan da ba su kai rabin milimita ba, waɗanda su ne ke raba jini cikin tsoka, ba sa fitowa. Kusan rabin matan da ake yi wa wannan hoto saboda ciwon ƙirji, ko fiye, ba a ganin wata babbar toshewa a jikinsu. Shekaru da dama ana sallamar su da cewa damuwa ce. Wani dogon nazari da aka fara a Amurka a 1996 a kan mata zalla ya nuna da yawansu ƙananan jijiyoyin ne ba sa buɗewa yadda ya kamata, kuma da aka bi su shekaru an ga suna kamuwa da bugun zuciya da gazawarta fiye da matan da ba su da ciwon. A gidajenmu hukuncin ya fi na asibiti zafi. "Hajiya, ai likita ya ce ba komai, ki cire abin a ranki." Daga nan a ce kishi ne, ko shagwaɓar tsufa, ko a nemo mai ruƙiyya. Matar da ta haura hamsin, mai suga ko hawan jini, da ke cewa ƙirjinta na mata nauyi tana zaune, ga kasala ga haki, tana faɗin gaskiya ne, kuma akwai magani da za a iya ba ta.

Ɓacin ran ma ba abin rainawa ba ne, domin yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya a lokaci guda ko mutum bai motsa daga kujera ba. Shahararren likitan tiyata John Hunter, wanda ya yi shekaru da ciwon ƙirji kuma ya san fushi ne ke tayar masa da shi, ya faɗi ya mutu a 1793 bayan wata zazzafar gardama a taron asibitin da yake aiki a Landan.

Wasu lokuta jijiyar ba ta sauya ba, nauyin da ke kan zuciyar ne ya ƙaru. Hawan jinin da ya haura sosai, zazzaɓi mai zafi, ƙarancin jini, cutar maƙoƙo mai sa zuciya gudu, ko rikicewar bugu. Tsokar zuciya tana samun jininta ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, don haka duk abin da ya sa ta sauri ya rage mata lokacin ci. Kwanciya kanta dalili ce ga wanda zuciyarsa ta raunana: ruwan da ya taru a ƙafafu da rana yakan dawo ƙirji idan an miƙe, zuciya ta cika ta kumbura, bayan awa ɗaya ko biyu mutum ya farka da nauyin ƙirji da sarƙewar numfashi, ya nemi taga. Iyalin da suka ga maigida ya koma matashin kai uku, ko ya fara kwana a kujera, sun ga alamar da ya kamata likita ya ji. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye, inda zuciyar da hawan jini ya gajiyar, da ƙofofin zuciyar da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata, da raunin zuciya bayan haihuwa wanda likitoci suka yi ta nazarinsa a Zariya tun shekarun 1970, suka cika ɗakunan jinya.

Ko da ba jijiyoyin zuciya ba ne, ba lallai abin ya zama mai sauƙi ba. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana iya tsagewa ga mai hawan jini, da ciwo mai tsanani farat ɗaya da ke ratsawa zuwa baya. Gudan jini daga ƙafa yana iya tafiya ya toshe huhu bayan tiyata, haihuwa ko doguwar tafiya a zaune. Tantanin da ya lulluɓe zuciya yana iya kumbura, kuma a Afirka tarin fuka ne kan gaba wajen tara masa ruwa. Ciwonsa na ƙaruwa in an kwanta rigingine ko an ja numfashi, ya ragu in an zauna an sunkuya. Mai sauƙin shi ne na haƙarƙari, wanda ake nunawa da ɗan yatsa ɗaya, a danna ya yi zafi, ko tsirar da ba ta wuce daƙiƙa biyu.

Sai 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshe, wadda ya kamata duk mai wannan ciwo ya san ta kamar sunansa. Naitirogilisarin ce, sinadarin da ake haɗa nakiya da shi, wanda William Murrell ya fara ba masu ciwon ƙirji a Landan ya kuma wallafa sakamakon a 1879. Alfred Nobel da ya yi arziki da nakiyar, shi ma ita likitoci suka rubuta masa a ƙarshen rayuwarsa. Ana zaunawa ne kafin a saka ta, domin tana sauke hawan jini har jiri ya ɗebi mutum. Ba a haɗiye ta. Cikin minti ɗaya zuwa uku take aiki, sau da yawa da ɗan ciwon kai. Zafi da iska na kashe ƙarfinta, don haka wadda ta yi wata shida a aljihun riga ko a cikin mota a zafin Afrilu ba abin dogaro ba ce. Ta fesawa ta fi jurewa. Lafawar ciwo bayan an saka ta ba ya tabbatar da zuciya ce, tunda tana sassauta maƙogwaro ma. Haɗarinta babba ɗaya ne, kuma kunya ke hana a faɗe shi: wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48, idan ya saka ta jininsa na iya faɗuwa warwas. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan na gargajiya, irin waɗanda ake shela da lasifika a tasha da bakin kasuwa. Dole likita ya yi tambayar, dole majinyaci ya amsa gaskiya. Haka "maganin gajiya" da ake ƙullawa a leda, mai ɗauke da dikilofenak ko ibufurofen: tun 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗin cewa irinsu na ƙara haɗarin bugun zuciya, ga ɗaga hawan jini, ga cin bangon ciki.

Ƙa'idar da likitocin zuciya na duniya suka yarda da ita ita ce duk wanda ya shigo asibiti da ciwon ƙirji a yi masa awon bugun zuciya na ECG cikin minti goma. Ba a ce ya je ya yanki kati, ya biya a banki, ya dawo Litinin ba. Idan na farko bai nuna komai ba a maimaita, a kuma auna sinadarin tiroponin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, a sake aunawa bayan 'yan sa'o'i. Kuɗin na'urar ECG bai kama ƙafar na motar jami'i guda ba, kuma babu hujjar da za ta sa babban asibitin ƙaramar hukuma ya rasa mai aiki, da takardarta, da nas ɗin da ta iya sarrafa ta da ƙarfe biyun dare. Rashin ƙwararren da zai karanta ma ba uzuri ba ne yanzu. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an haɗa ƙananan asibitoci da manya ta yadda ake tura awon ta waya, ƙwararre ya duba ya ba da umarni, a fara magani tun kafin a ɗauko majinyaci. Asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin zuciyar da za su iya zama irin wannan cibiya ga jihohin da ke kewaye da su, idan gwamnatocin jihohi suka sa kuɗi da tsari. Ƙungiyoyin masu kemis kuma su kafa wa mambobinsu doka mai sauƙi: wanda ya haura arba'in ya zo da ciwon ƙirji ko na saman ciki, yana da hawan jini ko suga, a tura shi asibiti kafin a sayar masa da komai.

Abin da ya rage na gida ne, kuma ya kamata likita ya faɗe shi da Hausa a gaban matar majinyaci ko babban ɗansa, ya rubuta a takarda. Ciwo ya zo ana zaune, a saka ƙwayar ƙarƙashin harshe. Idan bayan minti biyar bai lafa ba, ko ya zo da gumi mai sanyi, haki, amai ko jiri, a kama hanya, kada a jira gari ya waye, kada kuma majinyacin ya tuƙa kansa. A ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, sai fa in jikinsa ba ya karɓar sa, ko yana zubar da jini, ko ciwon irin mai ratsawa baya ne farat ɗaya. Idan ciwon ya lafa da kansa amma sabo ne, ko ya fi na da yawa ko daɗewa, a ga likita a ranar. Mai ciwon suga da tsoho a kula da su musamman, domin nasu yakan zo ba zafi sosai, sai kasala da sarƙewar numfashi. A tanadi lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa tun kafin buƙata ta taso, a ajiye tsohuwar takardar ECG da kwalayen magunguna a jaka ɗaya da kowa ya san inda take. Wani daga cikin iyali kuma ya duba agogo ya riƙe lokacin da ciwon ya fara, domin allurar narkar da gudan jini daga wannan lokacin ake lissafa mata: ta fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, kuma bayan awa 12 galibi ba a yin ta.